Bindigar kaka ba ta mutu ba

Mutane da yawa sun ɗauka wai bindigar gado da ta shekara talatin a rataye ta mutu, albarushin ciki ya lalace. Wallahi ba haka ba ne. Albarushi in dai bai sha danshi ba yana nan da ƙarfinsa ko bayan shekara hamsin, kuma maharban zamanin da sukan ajiye ta da ɗuri a ciki ne, ita kuwa ta baki ake ɗura ta, ba ka ganin komai. Tsatsa ma wataƙila ta riga ta ci bututun, bindigar tana iya fashewa a hannu.

Ta kakana har yau ƙotar tana sheƙi inda tafinsa ya goge ta, ina sonta sosai, amma sai da maƙeri ya duba ta na yarda yara suka taɓa.