Waiwaye: Tsakanin fitsarin ɗan wasa da bakin lauya

A gasar Olamfik ta 1988 a birnin Seoul, Ben Johnson ɗan Kanada ya ci tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.79. Bayan kwana uku aka ƙwace zinaren, don an gano stanozolol, sinadarin ƙara ƙarfi da aka haramta, a fitsarinsa. A lokacin kowace ƙungiyar wasa da tata dokar. Sai da asirin masu shan ƙwayoyin ƙara kuzari ya tonu a tseren kekunan Faransa na 1998 aka kafa WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan irin waɗannan ƙwayoyi a wasanni, a 1999, kundin dokokinta kuma ya fara aiki a 2004.

Ginshiƙin dokar shi ne: duk abin da aka samu a jikinka, alhakin na wuyanka, ko da saninka ko babu. Dalili a fili yake, domin in aka ce sai an tabbatar da niyya, kowa zai jingina laifin ga likita. Amma tun kafin kundin an ga kaifin wannan ƙa'ida. A Sydney a 2000, Andreea Răducan 'yar Romaniya, mai shekara 16, ta rasa zinarenta saboda maganin mura da likitan tawagarsu ya ba ta. Kotun wasanni ta CAS da ke Lausanne ta tabbatar da hukuncin, alhali ba wanda ya ce yarinyar ta yi niyyar cuta.

Akwai kuma wanda ƙa'idar aiki ta kuɓutar. Ryan Braun, ɗan wasan besbol a Amurka, ya ci ɗaukaka ƙara a 2012 don wanda ya karɓi fitsarinsa ya ajiye shi a gida har ƙarshen mako ya wuce kafin ya aika. Shekara na zagayowa, Braun ya karɓi dakatarwar wasa 65 da bakinsa.

Daga nan dokar WADA ta riƙa tsananta nan, tana sassauta can. A 2015 hukuncin mai ganganci ya koma dakatarwar shekara huɗu. A 2021 aka ware kayan maye irin su wiwi da hodar ibilis: wata uku in an sha ba lokacin gasa ba, wata ɗaya in an je neman magani. Wata ɗayan ne ya hana Sha'Carri Richardson 'yar Amurka, da aka samu wiwi a jikinta, tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Tokyo.

Sassaucin ya yi daidai, sai dai ni abin da ke damuna tsadarsa. Kafin a rage maka, sai ka nuna ta inda sinadarin ya shiga jikinka, kuma wannan aikin lauyoyi ne da masana gwaji, ba na mai ƙaramin ƙarfi ba. Jannik Sinner ya kawo bayaninsa da wuri, ya ci gaba da buga tanis, ya sasanta da WADA kan wata uku a 2025. Simona Halep kuwa, ita ma 'yar wasan tanis, lokacin da CAS ta mai da shekara huɗunta wata tara a Maris 2024, ta riga ta shafe fiye da shekara guda a waje.