Tambayoyin da ake ta maimaita mini a kan “The Inner Light” na Star Trek

Wane kashi ne wannan?

Kashi na 25 ne a zango na biyar na Star Trek: The Next Generation, shirin talabijin mai dogon zango kan ma'aikatan jirgin sararin samaniya Enterprise ƙarƙashin Kyaftin Picard, an fara nuna shi a Amurka a watan Yuni na 1992.

Shin mafarki kawai Kyaftin Picard ya yi?

A'a, kuma don Allah a daina kiransa mafarki. Wata na'ura ce da mutanen duniyar Kataan suka harba sararin samaniya kafin ranarsu ta ƙone su kimanin shekara dubu da suka wuce, ta harbi Picard da haske, ta sa ya yi rayuwar wani mutum mai suna Kamin ta wajen shekara arba'in, ya zauna da matarsa Eline, ya haifi 'ya'ya biyu, ya tsufa yana kallon fari yana cinye garinsu Ressik. A cikin jirgin Enterprise kuwa minti 25 kacal ya yi a sume. Ya farka da iya busa sarewar da ya koya a can, mafarki kuwa ba ya koya wa yatsu sana'a.

Me ya sa Riker, mataimakin Picard, bai katse hasken ba?

Ya katse, Picard ya kusa mutuwa, suka mayar. Wanda ya yi wannan tambaya hankalinsa na kan waya lokacin da ake nuna wurin.

Zan iya kallonsa ban ga sauran ba?

Nan ne ba ni da amsa guda. Labarin a tsaye yake da ƙafarsa, ba sai an san siyasar Tarayyar duniyoyi da jirgin ke wa aiki ko tarihin ma'aikatan jirgin ba, saboda haka idan kashi ɗaya kawai za ka iya samu, kalle shi ba tare da damuwa ba. Sai dai nauyinsa ya dogara da sanin wane ne Picard: mutumin da bai taɓa aure ba, wanda tun kashin farko a 1987 ya faɗa da bakinsa cewa ba ya sakewa da yara, ya fifita aiki a kan iyali. Wanda bai san haka ba zai ga labarin wani dattijo mai ban tausayi. Wanda ya sani zai ga an ba mutum abin da ya hana kansa, sannan aka karɓe a rana ɗaya. Shawarata, ga mai hali da isasshiyar data, ita ce ya fara da “The Best of Both Worlds” mai kashi biyu, ya bi da “Family”, inda Picard ya koma gonar inabin gidansu a Faransa wurin yayansa Robert. Amma kada wannan ya zama dalilin jinkiri har abada, domin na san waɗanda suka ce sai sun bi daga zango na ɗaya, wanda shi ne mafi rauni, suka gaji suka watsar kafin su iso nan.

Na yi kuka, abin kunya ne?

Ba abin kunya ba ne. Saurayin da ya fito a matsayin Batai ɗan Kamin ma Daniel Stewart ne, ɗan Patrick Stewart na cikinsa, kuma ina ganin hakan ya ƙara wa wuraren da suka haɗu gaskiya. Kashin ya lashe kyautar Hugo, wadda ake ba ƙagaggun labaran kimiyya, a 1993.

Me ya sa ba a sake tayar da zancen sosai ba?

Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Mutumin da ya binne matarsa ya rasa 'ya'ya da jika, sai ga shi a kashi na gaba ya koma bakin aiki kamar ba a yi komai ba, domin a lokacin ana tsara kowane kashi ne yadda gidajen talabijin za su iya nuna shi ba bisa jeri ba. Sarewar ta dawo a “Lessons” a zango na shida, inda ya ba Nella Daren, ma'aikaciyar jirgin da suka yi soyayya, labarin sarewar, kuma wannan bai isa ba.