Wane ne "babban mutum"? Ma'anar kalmar da labarin wanda ake jira

"Babban mutum" na cikin kalmomin da muke furtawa kullum ba tare da mun tsaya mun auna su ba. A wajen taro, idan mota mai baƙin gilashi ta tsaya, 'yan rakiya suka fito suna ture jama'a, za ka ji ana raɗa cewa babban mutum ya iso, kuma ba wanda zai tambayi halinsa. A wani wajen kuma tsoho ya rasu bai bar komai ba sai bashin da yake bin mutane bai taɓa tambaya ba, masu ta'aziyya suna girgiza kai suna cewa, "Kai, an yi rashin babban mutum." Abu biyu ake nufi. Na farko girman matsayi ne: mulki, dukiya, sarauta, yawan mabiya. Na biyu girman hali ne, wanda ake kira dattaku. Wani lokaci sukan haɗu a jikin mutum ɗaya, sau da yawa kuma kowanne hanyarsa daban. Rikicin da ke tsakaninsu ya daɗe ƙwarai, har al'ummomi da dama suka ajiye shi a cikin wani irin labari, wato labarin wanda ake jira.

Siffar labarin ba ta cika canzawa ba. Wani ƙauye yana cikin ƙunci, ko na fari, ko na zalunci, ko kuma na rashin wanda ya san da zamansa. Kakanni sun bar magana cewa wata rana wani zai bayyana wanda zai ɗaga sunan wurin, suka kuma bar alamar da za a gane shi da ita. Yara su tashi da zancen a kunnensu, su tsufa, su bar wa jikokinsu. Idon kowa yana kan hanyar shigowa gari, domin an riga an ɗauka cewa babban mutum daga nesa yake zuwa, da ƙura da kakaki. Idan labarin ya zo ƙarshe, yawanci sai a tarar wanda ake nema bai yi kama da wanda aka zana a zuciya ba.

Wanda ya fi kowane fito da wannan a fili, a ganina, ba ma tatsuniya ba ne. Labarin Uwaisu Alƙarni ne, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Manzon Allah (SAW) ya ba sahabbansa labarin wani mutum daga Yaman mai suna Uwaisu ɗan Amiru, ɗan ƙabilar Muradu, daga reshen Ƙaran, wanda ba su taɓa haɗuwa ba. Ya ce zai zo tare da ayarin mutanen Yaman, yana da mahaifiya da yake yi wa biyayya, ya taɓa yin ciwon albaras ya warke sai wani ɗan wuri kamar faɗin dirhami, kuma idan ya yi rantsuwa da Allah a kan abu, Allah zai cika masa. Ya ce wanda ya samu dama ya roƙe shi ya nema masa gafara.

Sayyidina Umar ya riƙe maganar. A zamanin halifancinsa, tsakanin 634 da 644, duk lokacin da ayarin Yaman ya iso Madina sai ya fita yana tambaya ko akwai Uwaisu ɗan Amiru a cikinsu. Ka duba wannan da kyau: shugaban daular da ke karɓe ƙasashe daga hannun Farisa da Rum ne yake bin ayari yana cigiyar mutumin da ko 'yan tafiyarsa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Da ya same shi sai ya bi alamomin ɗaya bayan ɗaya. Kai ne Uwaisu ɗan Amiru? Daga Muradu, reshen Ƙaran? Ka yi albaras ka warke sai wurin dirhami? Kana da mahaifiya? Duk ya amsa da e. Umar ya roƙe shi ya nema masa gafara, ya nema masa. Sannan ya tambaye shi ina ya nufa, ya ce Kufa. Umar ya ce bari in rubuta wa gwamnan can takarda a kanka. Uwaisu ya ce zama cikin talakawan da ba a san su ba ya fi soyuwa gare shi.

Shekara ta zagayo, wani daga cikin manyan Kufa ya zo aikin hajji. Umar ya tambaye shi labarin Uwaisu, ya ce ya baro shi a wani gida da ya lalace, ba shi da wasu kayan kirki. Da Umar ya gaya masa abin da Manzon Allah ya faɗa, mutumin ya koma Kufa ya nufi gidan Uwaisu yana roƙon ya nema masa gafara. Uwaisu ya ce ai kai ne ka dawo daga tafiya mai albarka, kai ya kamata ka nema mini. Daga baya ya tambaye shi, "Ka haɗu da Umar ne?" Da jama'a suka farga da ko wane ne shi, sai ya tattara ya bar garin. A wata ruwayar ma an ce cikin mutanen Kufa har akwai mai yi masa ba'a.

Abin lura shi ne irin alamomin da aka bayar. Tabon ciwo, da uwa. Ba a ambaci doki ko runduna ko gidan sarauta ba. Tabon don a tabbatar shi ne, amma dalilin girman yana wajen uwar, wato wani aiki da ake yi a cikin gida inda ba mai gani balle ya yaba. Maƙwabtansa na Kufa sun zauna da shi tsawon lokaci ba su ga komai ba, saboda abin da suke kira girma abu ne da ake hangowa daga nesa, shi kuwa irin nasa sai an zauna da mutum an ga yadda yake da wanda ba zai iya saka masa ba. Alƙur'ani ya riga ya yanke hukunci a Suratul Hujurati, aya ta 13, cewa mafi daraja a wurin Allah shi ne wanda ya fi tsoronsa. Matsalar ita ce tsoron Allah ba ya da jiniya.

Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya taɓa zama ya tattara abubuwan da Bahaushe ke dubawa kafin ya kira wani mutumin kirki, aka buga aikin a 1974. Ya lissafa goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ana iya jayayya da shi a kan ko goma ne ko sun fi haka. Amma a cikinsu babu wanda ake saya, babu wanda ake naɗa mutum a kansa, babu kuma wanda ake gada kamar gona. Babban mutum a ma'ana ta biyu shi ne wanda waɗannan halaye suka cika a jikinsa har suka tumbatsa, mutane suka shiga kawo masa rigimarsu da ajiyarsu ba tare da kowa ya ɗora shi ba.

A nan akwai wani kuskure da masu son irin wannan zance kan faɗa, su ɗauka cewa talauci shi ne shaidar dattaku, mai muƙami kuwa ba ya da rabo. Ba haka ba ne. Akwai matalauci mai mugun hali wanda rashin dama ce kawai ta hana shi zalunci. Akwai kuma wanda ake jira da ya fito daga tsakiyar fada. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya taɓa cewa a cikin zuriyarsa za a sami wani mai tabo a fuska da zai cika ƙasa da adalci. Sun kuma ruwaito asalin zuriyar: wani dare yana zagaya Madina ya ji wata yarinya ta ƙi bin umarnin mahaifiyarta na zuba ruwa a madarar sayarwa, tana cewa in Umar ba ya gani, Ubangijin Umar yana gani. Ya aurar da ita ga ɗansa Asimu. 'Yarsu ce ta haifi Umar ɗan Abdul'aziz, wanda dabba ta hamɓare shi a fuska yana yaro ta bar masa tabo. Ya tashi cikin daular Banu Umayya, ɗan gwamnan Masar, ango ga 'yar halifa Abdulmalik, ya yi gwamnan Madina, sannan ya zama halifa a 717. Girman matsayi dai ya same shi tun a zanin goyo. Abin da ya sa har yau ake ambatonsa da alheri shi ne abin da ya yi da matsayin: ya mayar da dukiyoyin da danginsa suka ƙwace ga masu su, matarsa Fatima ta miƙa kayan adonta ga baitulmali, ya hana karɓar jiziya daga waɗanda suka musulunta. Bai kai shekara uku a kan mulki ba, ya rasu a 720. Ba tabon ne ya sa aka yarda shi ne ba, aikin ne ya sa aka waiwaya aka tuna da tabon.

Wannan waiwayen yana da muhimmanci, domin labarin wanda ake jira yana da wata fuskar mai haɗari. Idan al'umma ta daɗe tana jira, tamkar ta ɗinka babbar riga ce ta rataye a ƙofar gari, duk ɗan damfarar da ya zo wucewa zai gwada ko za ta shige shi. Ƙasar Fotugal ta ɗanɗana wannan. A watan Agusta na 1578 sarkinta Sebastiyan, saurayi ɗan shekara 24, ya kai yaƙi Maroko, aka murƙushe rundunarsa a kusa da Alƙasrul Kabir, shi kuma ya ɓace a filin daga. Bai bar magaji ba, kuma zuwa 1580 sarkin Sifaniya, Filib na biyu, ya haɗiye ƙasar. Talakawa suka ƙi yarda sarkinsu ya mutu. Suka tono waƙoƙin wani mai ɗinkin takalma da ake kira Bandarra, wanda ya yi zancen wani ɓoyayyen sarki da zai zo ya ceci ƙasa, suka ce ai Sebastiyan yake nufi, zai dawo wata safiya cikin hazo.

Mutum huɗu suka fito, kowanne ya ce shi ne. Ɗaya mai sana'ar gashin fulawa ne a wani gari na Sifaniya, aka kashe shi a 1595. Na ƙarshensu ya ɓulla a birnin Benis na Italiya a 1598, mutumin kudancin Italiya ne wanda ko harshen Fotugal bai iya sosai ba, amma duk da haka ya sami masu rantsuwa cewa sarkinsu ne, har sai da aka rataye shi a 1603. Mai jin ƙishirwar ceto ba ya tsayawa bincike. Kuma zancen bai mutu da su ba, ya tsallaka teku zuwa Barazil, ƙasar da Fotugal ta yi wa mulkin mallaka. A 1838, a wani ƙauye na yankin Farnambuko da ake kira Pedra Bonita, wani mai wa'azi ya shawo kan mabiyansa cewa Sebastiyan yana ɗaure da sihiri a wajen wasu dogayen duwatsu biyu, kuma ba zai fito ba sai an wanke duwatsun da jini. Aka yanka mutane da dama a cikin 'yan kwanaki, har da ƙananan yara, shekara 260 bayan sarkin ya faɗi a Maroko.

In ka jera waɗannan kusa da Uwaisu, bambancin da ya fi fitowa shi ne wa ya buɗe baki ya yi shela. Na ƙarya shi ke sanar da kansa, ya nuna alamar, ya nemi a bi shi, kuma kusan kullum akwai abin da yake so a ba shi. Uwaisu kuwa nemansa aka yi, aka yi masa tayin takardar halifa ya ƙi, da aka gane shi ya gudu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya gamu da irin wannan jarrabawa. A zamaninsa jama'a na cike da tsammanin bayyanar Mahadi, wasu suka fara nuna shi, da ya yi shiru kawai da maganar ta zauna. Sai ya rubuta ƙarara cewa ba shi ba ne, ya kawo siffofin Mahadi da suka zo a hadisai ya nuna ba su dace da shi ba. Ba kowa ne za a miƙa wa wannan suna a lokacin da yake da dubban mabiya ya mayar ba.

Shi ya sa idan na ji an ce wane ne aka daɗe ana jira, shi ne zai gyara komai, musamman a lokacin neman ƙuri'a, tambayar da nake fara yi ita ce wa ya fara faɗa, kuma nawa aka biya maroƙin. Ba laifi ba ne al'umma ta yi fatan samun jagora nagari. Laifin yana wajen naɗe hannu a zauna jiransa, kamar gyaran rijiya da sulhun maƙwabta da karatun yara duk sai ya iso. Mutanen Fotugal ma da suka gaji, ba wanda ya fito musu daga hazo. A ranar 1 ga Disamba 1640 wasu manyan ƙasar suka haɗa baki suka afka wa fadar Lisbon, babban birnin ƙasar, suka kawar da wakilan Sifaniya, suka ɗora sarautar a kan shugaban gidan Baraganza, wanda ya zama Juwawu na huɗu. Mutum ne da suka sani, yana zaune a gidansa cikin ƙasar tun da can, kuma sai da aka yi ta lallashinsa kafin ya amince.