Baƙar fata a finafinan binciken kisa na zamanin da: gyara ne ko ɓata tarihi?

Waɗanne finafinai ake magana a kai?

Waɗanda ake shiryawa yanzu amma labarin ya faru shekaru tamanin ko ɗari baya: an yi kisa, jami'in bincike ya zo yana yi wa kowa tambayoyi har ya zaƙulo mai laifi. Labaran Agatha Christie, marubuciya 'yar Ingila, su ne kan gaba.

Me ya jawo ce-ce-ku-ce?

A fim ɗin Murder on the Orient Express na 2017, an ba Leslie Odom Jr., baƙar fata ɗan Amurka, matsayin Arbuthnot, wanda Sean Connery ya hau a 1974, aka kuma mai da shi likita. Nan wasu suka ce an yi wa tarihi ƙarya don a burge 'yan zamani.

To, akwai baƙar fata likita a Ingila a lokacin?

Ƙwarai kuwa. Dakta Harold Moody, haifaffen Jamaika, yana duba marasa lafiya a unguwar Peckham ta Landan, kuma a 1931 ya kafa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe. Biranen gaɓar teku irin su Liverpool da Cardiff sun daɗe da unguwannin baƙaƙe da Larabawa, har aka far musu a tarzomar 1919. Tsofaffin finafinai ne suka share su, idonmu ya saba. Kai, ko jami'in bincike ɗan Sin, Charlie Chan, Bature ɗan Suwidin mai suna Warner Oland ne ya riƙa fitowa a matsayinsa a shekarun 1930.

Ke nan da an sa baƙar fata magana ta ƙare?

Ina! Nan ne ma nake da ja. Dubi Death on the Nile na 2022. An kawo 'yan wasa baƙar fata, Sophie Okonedo da Letitia Wright, sun kuma taka rawar gani. Amma labarin a Masar yake, a kan Kogin Nilu, kuma Misirawa masu ƙasar ba su wuce masu ɗaukar kaya da 'yan kallo a bakin ruwa ba. Yawancin fim ɗin ma a Ingila aka ɗauke shi. Abin yana min ciwo, domin an buɗe wa baƙi ƙofar falo, mai gida yana tsaye a waje. Murder on the Orient Express na 2017 ya fi shi gaskiya ta wata fuskar: ya nuna cewa idan Poirot, jami'in binciken labarin, bai karɓi binciken ba, 'yan sanda za su iya ɗora wa likitan laifin saboda launin fatarsa kawai. Haka zamanin yake, kuma bai kamata a ɓoye ba.

Akwai wanda ya yi abin yadda ya dace?

Devil in a Blue Dress na 1995. Denzel Washington ne Easy Rawlins, tsohon soja a Los Angeles ta 1948, an kore shi daga aiki ga bashin gida a wuyansa. Wani farar fata ya ɗauke shi neman wata mata, domin shi ne zai iya shiga gidajen rawar baƙaƙe ba a zarge shi ba. Binciken a hannunsa yake, amma 'yan sanda suka kama shi suka lakaɗa masa duka a ɗakin tambayoyi, ba shi da inda zai kai ƙara.