Nina Simone

Nina Simone mawaƙiya ce baƙar fata 'yar Amurka, gwanar piyano kuma marubuciyar waƙoƙi. An haife ta ranar 21 ga Fabrairu 1933 a wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Tryon a jihar North Carolina, ta rasu ranar 21 ga Afrilu 2003 a Faransa. Sunanta na yanka Eunice Kathleen Waymon. Cikin mawaƙan jaz aka fi lissafa ta, amma ita kanta ba ta son a kira ta da wannan suna, cewa take abin da take yi kiɗan kilasik ne na baƙaƙen fata.

Yarinta

Ita ce ta shida cikin 'ya'ya takwas. Babanta yana aski da wanki da guga da duk aikin da ya samu, mamarta kuma tana wa'azi a cocin Methodist tana kuma aikatau a gidajen Turawa. Tun tana shekara uku ta fara taɓa piyano da kunne kawai, kafin kace me ita ke kiɗa a coci, sai matar da uwarta ke wa aiki ta biya mata kuɗin koyo wurin wata Baturiyar Ingila mai suna Muriel Mazzanovich, daga baya mutanen gari suka haɗa mata asusu. Wurin wannan malama ta san kiɗan Bach, shahararren makaɗin kilasik Bajamushe, kuma duk wanda ya saurari yadda hannayenta biyu ke bin juna a piyano zai ji abin bai taɓa barin ta ba.

Tana wajen shekara 12 aka shirya mata wasa a gaban jama'a, iyayenta na zaune a layin gaba sai aka tashe su wai su koma baya Turawa su zauna. Yarinyar ta ɗage hannu daga piyanon tace ba za ta kaɗa komai ba sai an maido su, kuma sai da aka maido su ɗin.

Burinta shi ne ta zama babbar makaɗiyar kilasik, ba waƙa ba. Ta yi ɗan karatu a makarantar kiɗa ta Juilliard a New York a 1950, ta nemi shiga makarantar Curtis ta Philadelphia aka ƙi ɗaukar ta, har ta mutu tana da yaƙinin launin fatarta ne ya jawo. Makarantar ta ba ta digirin girmamawa a 2003, saura kwana biyu ta rasu.

Shigarta waƙa

A 1954 neman na abinci ya kai ta wata mashaya a Atlantic City, mai wurin yace in tana son aikin to sai ta haɗa da rera waƙa. Nan ta sauya suna don kada mamarta ta ji labari, tunda a gidansu irin wannan kiɗa na shaiɗan ne. Faifanta na farko Little Girl Blue ya fito da waƙar "I Loves You, Porgy" wadda ta shiga sahun ashirin na farko a Amurka a 1959, sai dai ta riga ta sayar da haƙƙin faifan kan dala 3,000, kuma wannan ciniki ya cuce ta sosai, domin a 1987 wata waƙar cikinsa "My Baby Just Cares for Me" ta sake tashi a Turai saboda tallar turaren Chanel. A 1961 ta auri Andrew Stroud, ɗan sandan ciki da ya ajiye aiki ya zama manajanta, suka haifi 'ya ɗaya Lisa a 1962. Aure ne da ta sha duka a cikinsa kamar yadda ita da kanta ta faɗa. A Disambar 1961 ɗin ne kuma ta fara taka Afirka, ta zo Legas bikin al'adu tare da marubuci Langston Hughes.

Waƙoƙin gwagwarmaya

Nan ne gaskiya girmanta yake. A Yunin 1963 aka harbe Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, a Mississippi, a Satumba kuma aka tayar da bom a wani coci a Birmingham ta jihar Alabama 'yan mata huɗu suka mutu, ranta ya ɓaci har ta fara tunanin ɗaukar makami, sai ta zauna gaban piyano cikin kamar awa ɗaya ta rubuta "Mississippi Goddam". Kiɗan mai sauri ne kamar na wasan nishaɗi, kalmomin kuwa wuta ne, tana caccakar masu cewa baƙar fata su yi haƙuri a bi a hankali. Ta rera ta a babban zauren kiɗa na Carnegie Hall da ke New York a 1964, wasu gidajen rediyon kudu suka riƙa karya faifan gida biyu suna mayar wa kamfani. A 1966 ta fitar da "Four Women", labarin mata huɗu baƙaƙen fata kowacce da launinta da irin tabon da bauta ta bar mata. A 1969 ita da Weldon Irvine suka yi "To Be Young, Gifted and Black" don tunawa da ƙawarta marubuciyar wasan kwaikwayo Lorraine Hansberry, wadda ita ce ta buɗe mata ido kan siyasa.

Gudun hijira da rasuwa

Bayan kashe jagoran gwagwarmayar baƙar fata Martin Luther King a 1968 Amurka ta fita daga ranta, ga rigimar haraji ga aure ya mutu. Ta tafi Barbados, a 1974 mawaƙiyar Afirka ta Kudu Miriam Makeba ta ja ta Laberiya inda tace ta samu natsuwar da ba ta taɓa samu ba, daga nan Suwizalan da Holan, ƙarshe kudancin Faransa. Ta daɗe tana fama da lalurar ƙwaƙwalwa mai juya yanayin mutum kafin likitoci su gano ta, mutane na ta ce mata mafaɗaciya alhali ciwo ne, kuma wannan ciwo ya taɓa har zamanta da 'yarta. Sankarar mama ce ta yi ajalinta a gidanta na Carry-le-Rouet tana da shekara 70. A 2018 aka saka sunanta a Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama fitattun mawaƙa a Amurka.