Ba Kumfa Ce Ke Fitar da Maiƙo Ba

An daɗe ana auna ƙarfin sabulu da yawan kumfarsa, alhali kumfa iska ce kawai da ta maƙale cikin ruwan sabulu.

Ruwa da mai ba sa haɗuwa, shi ya sa idan aka zuba ruwa zalla a kwano mai maiƙo, sai ya zame ya bar maiƙon yana ƙyalli. Ita kuwa ƙwayar sabulu, wadda ido ba ya iya gani, tana da kai mai son ruwa da doguwar wutsiya mai son mai. Wutsiyoyin sukan nutse cikin maiƙon, kawunan su tsaya a waje suna fuskantar ruwa, sannan cuɗawa ta farfasa maiƙon ya zama ƙananan ɗigo, kowanne kewaye da ƙwayoyin sabulu, ta yadda ba za su sake haɗewa ba. Ɗauraya ce take kwashe su. A ganina, wanda ya ɗauki daƙiƙa 20 yana cuɗa hannunsa ya fi wanda ya tara kumfa ya ɗauraye nan take.

Sabulun injin wanke kwanuka ma da gangan ake rage masa kumfa, kuma yana wankewa tas.