Madubin likita ba ya ganin kowace ƙwayar cuta

A Maradi mutane da yawa na zaton da zarar an ɗora ɗigon jini a madubin likita, kowace cuta za ta fito fili. Ina! Madubin ɗakin gwaji da haske yake aiki, kuma iyakar ƙara girmansa kusan sau 1000 ne. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana ganuwa, amma sai an rina jinin da wani rini mai suna Giemsa, an ɗiga mai a kan gilashin. Ƙwayar sida da ta ciwon hanta kuwa birus ne, sun yi ƙanƙanta ainun, sai madubin elektron da aka fara ƙerawa a Jamus a 1931. Shi ya sa ake gano su da wani gwajin jini daban.